Gaisuwar Sallah da Kirsimeti a wajen aiki: wa ake fara gaisarwa, kuma da wane baki?

"Assalamu alaikum. Wata 4 ke nan da aka ɗora ni a kan harkokin ofis a wani kamfanin sayar da kayan gini a Kaduna. Ma'aikatanmu 43 ne, Musulmi da Kirista, abokan cinikinmu kuma tun daga Kano har Anacha. Manaja ya ce in shirya gaisuwar Sallah ta bana, in kuma yi tanadin ta Kirsimeti. An ce mini bara saƙo ɗaya aka watsa wa kowa ta WhatsApp, wasu suka ji haushi. Don Allah wa zan tura wa, yaushe, da wane harshe, kuma yaya batun kyauta?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya taya ki riƙo. Tambayarki huɗu ce a dunƙule: wa, yaushe, da wane lafazi, sai kuma kyauta. Na yi shekaru ina wannan aikin a sashen kula da ma'aikata, kuma kusan duk kuskuren da na gani, har da nawa, tushensa ɗaya ne. Mutum ya san yadda ake gaisuwar Sallah a gidansu sarai, amma da zarar ya zauna gaban kwamfutar ofis sai ya manta, ya ɗauka wata sabuwar ƙa'ida ce ta Turawa ke aiki a nan.

Ki tuna yadda abin yake a gida. Ƙarami ne ke tashi ya je wajen babba. Ya kira shi da sunan girmamawarsa, ya tambayi iyali, ba ya zuwa da wata buƙata a ranar. Shi kuma babba ba baki kawai yake amsawa da shi ba, yana sa hannu a aljihu ya ba da goron Sallah. To, kamfaninku yana tsaye ne a gurbi biyu. A gaban abokin ciniki shi ne ƙarami, shi ya kamata ya taka. A gaban ma'aikaci kuwa shi ne babba, abin da ake jira daga gare shi ya wuce kalmomi. Saƙon bara ya ɓata rai ne domin ya haɗa waɗannan biyun a kwano ɗaya: Alhajin da ke sayen tirelar siminti duk wata da direban da ke kai masa kayan sun karɓi hoton rago iri ɗaya, mai alamar an turo shi daga wani wajen. Ba wanda ya ji an tuna da shi.

Ki fara da cikin gida

Kafin ki rubuta ko kalma ɗaya, ki shiga ofishin akanta ki tambaya ko albashi zai fita kafin hutu. Wannan ita ce gaisuwa ta farko. Ma'aikacin da bai ɗinka wa 'ya'yansa kaya ba, ranar jajibere kuma tes ya shigo masa cewa kamfani na alfahari da shi, zai karanta shi ne kamar izgili. Idan Sallah ta faɗo tsakiyar wata, ki kai wa manaja shawarar a ba da rabin albashi ko wani kaso a matsayin rance da za a cire ƙarshen wata. In kuɗin babu, to a faɗa wa mutane gaskiya da wuri, baki da baki, domin su nemi wata hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu shi ne jerin sunaye. Ma'aikata 43 da kika ambata, ina kyautata zaton waɗanda ke kan takardar albashi ne. Akwai masu gadi da wani kamfanin tsaro ya kawo, akwai mai shara, 'yan dako da ke lodi a sito, mai bautar ƙasa, yaran da ke koyon aiki. Wata shekara na raba shinkafa da man girki bisa takardar albashi, na koma gida ina jin na yi abin kirki. Ranar da aka dawo aiki, dattijon da ke gadin ƙofarmu ya buɗe mini get kamar kullum, ya ce, "Yallaɓai, an yi Sallah lafiya? An ce an yi rabo, Allah Ya ƙara buɗi." Bai ƙara komai ba, fuskarsa a sake. Shi ne ya kwana a bakin ƙofar nan dare uku muna gida muna cin nama, shi ne kuma ya riƙe wa mutane ƙofa suna fita da buhunansu. Na kai masa nasa a ranar, ya karɓa ya yi godiya, amma ni da shi mun san ya zo a makare. Tun daga lokacin ba na amfani da takardar albashi. Nakan zagaya harabar ne da biro, in rubuta duk wanda na gani yana aiki.

Game da rabo tsakanin Musulmi da Kirista, tsari biyu ne na ga yana zama lafiya. Ko dai kowa ya samu a bukukuwan duka, ko kuma kowa ya samu a nasa, amma darajar abin ta zo ɗaya. Ni na fi son na farko ko da kason zai ragu, domin a Kaduna mutane sun saba kai wa maƙwabta abincin Sallah da na Kirsimeti, kuma yana rage lissafin wa aka fifita. Abin da ba ya yiwuwa shi ne rago da Sallah, kati da Kirsimeti, ko akasin haka. Ma'aikata suna lissafi, ko ba su furta ba. Haka batun aikin ranar hutu: tsohuwar dabarar nan ta Kirista su riƙe wajen aiki da Sallah, Musulmi su riƙe da Kirsimeti da Ista, har yanzu ba a samu wadda ta fi ta ba. Ki fitar da jadawalin tun da mako guda, kuma saƙon manaja ya ambaci waɗanda za su tsaya aiki da sunayensu.

Shi saƙon ma'aikata daga bakin manaja ya kamata ya fito, ko da ke kika rubuta. Mutum 43 ba su da yawa. Ya fi kyau ya tara su minti biyar ranar da za a tashi, ya yi musu godiya a kan wani abu takamaimai da ya faru a shekarar, ya ce Allah Ya kai kowa gida lafiya. Rubutaccen saƙo ya biyo baya don waɗanda ba sa nan. Kada a cusa umarnin aiki a ciki. "Barka da Sallah, a tabbatar an dawo ranar Laraba ƙarfe takwas, duk wanda ya makara za a yanke masa" sanarwa ce, a fitar da ita daban, a wata ranar.

Akwai abubuwa biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko, karo-karon saya wa oga kyauta. In har za ki iya, ki kashe shi. Goron Sallah daga sama yake gangarowa, kuma masinjan da aka ce ya kawo dubu biyu ba zai iya cewa a'a ba. Na biyu, shugaba namiji da ma'aikaciya. Gaisuwar da ta shigo wayar matar aure ƙarfe sha ɗaya na dare daga ogan ofis, ko da zuciya ɗaya aka tura ta, tana iya zame mata abin bayani a gida. A yi ta a zauren ma'aikata na WhatsApp inda kowa ke gani, ko da rana, a taƙaice. Wannan ya shafi abokan ciniki mata ma.

Lokaci

Kirsimeti ba ta da wahala, 25 ga Disamba ce kullum, 26 ga wata ma hutu ne, sai 1 ga Janairu. Sallah ce ke buƙatar lura. Shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, don haka duk shekara Sallah na matsowa gaba, kuma ranar Ƙaramar Sallah ba ta tabbata sai an ga wata. A Najeriya Sarkin Musulmi ne ke sanar da ganin watan, Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida kuma ita ke ayyana ranakun hutu, sau da yawa tun kafin a san ko azumi 29 za a yi ko 30. Saboda haka ki shirya saƙonki ba tare da kwanan wata ba, kuma kada ki saita na'ura ta tura shi da kanta. Na ga kamfanin da ya yi wa mutane barka da Sallah suna tsakiyar azumin talatin. Babbar Sallah ta fi sauƙi, tunda da zarar an ga watan Zulhijja an san 10 ga wata. In kuna da abokan ciniki a Maraɗi ko Damagaram, ki bi sanarwar hukumomin Nijar, domin akan samu shekarar da suke riga mu da kwana guda.

Takarda biyu za ki fitar wa abokan ciniki, kada ki haɗa su. Ta farko sanarwar rufe ofis: ranar da za a rufe, ranar da za a buɗe, ranar ƙarshe ta lodin kaya, da lambar wanda za a kira in abu ya taso. Wannan ta fita da mako guda. Ga mai gini da ke jiran rodi, ta fi kowace gaisuwa amfani. Ta biyu ita ce gaisuwar kanta.

Saƙon rubutu yana iya fita daren da aka sanar da ganin wata, ko bayan an sauko daga Idi. Kiran waya kuwa ban da safiyar Sallah. Mutum na neman hularsa, yara na kuka, da Babbar Sallah kuma hannunsa na cikin jini har azahar. Washegari da hantsi ya fi. A Kano ki tuna akwai Hawan Daushe washegarin Sallah da yamma, da Hawan Nassarawa a rana ta uku, masu sarauta da mutanensu ba sa samuwa a lokutan nan. Abin daɗin shi ne a Hausa gaisuwar Sallah ba ta saurin tsufa. "An yi Sallah lafiya?" tana aiki har mako guda, wani lokaci ma ta fi armashi, tunda a lokacin tururuwar saƙonni ta lafa.

Kirsimeti kuwa akasin haka ce. Abokan cinikinku 'yan kabilar Ibo da ke Sabon Garin Kano ko kasuwannin Kaduna da yawansu gida suke tafiya, shaguna a rufe har bayan sabuwar shekara. Ni nakan gama gaishe su da kai musu kalanda kafin 20 ga Disamba. In kuna sayo kaya daga Sin, su babban bikinsu sabuwar shekararsu ce, wadda ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu kuma kan tsaya cik. Layi biyu na fatan alheri a lokacin ya fi musu katin Kirsimeti.

Addini da lafazi

Nan ne wurin da aka fi tuntuɓe, shi ya sa zan daɗe a kai. Kada ki yanke wa mutum addini daga sunansa. Yakubu Gowon Kirista ne, haka Yakubu Dogara. A kudancin Kaduna, Filato, Tafawa Ɓalewa da kudancin Gombe za ki samu Musa, Dauda, Ishaku, Bala, Ɗanjuma, Ladi da Asabe waɗanda coci suke zuwa, kuma Hausarsu ta fi ta wasunmu. A ƙasar Yarbawa gida ɗaya kan haɗa Musulmi da Kirista, sunan iyali ɗaya. Wanda ba ki sani ba, ki tambayi ɗan kasuwancinku da ke hulɗa da shi. Direbobi ma sun san wannan fiye da kowa a ofis, su ne ke ganin wanda ke rufe shago ranar Juma'a da wanda ke rufewa Lahadi.

Ko a cikin addini ɗaya ba a taru an zama ɗaya ba. Maulidi hutu ne na gwamnatin tarayya, 12 ga Rabi'ul Awwal, amma kin san mutanen ɗariƙa na yin bikinsa, mutanen Izala ba sa yi. Kamfani ba shi da hurumin shiga wannan. A irin ranar ni sanarwar hutu kawai nake fitarwa, wanda na san yana yi kuma in gaishe shi ni da shi. A ɓangaren Kirista ma, Shaidun Jehobah ba sa bikin Kirsimeti.

Sai tambayar da ma'aikaci Musulmi zai iya kawo miki: ya halatta in ce wa Kirista barka da Kirsimeti? Malamai sun yi saɓani, wasu sun hana, wasu sun halatta a matsayin kyautata maƙwabtaka. Ni ba malami ba ne, fatawa tasu ce, kowa ya koma ga malamin da ya amince da shi. Abin da ke hannunki na ofis ne: kada a tilasta wa kowa sa hannu a kan lafazin da zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, Musulmi ne ko Kirista. Saƙo ya fita da sunan kamfani, ko wani babban ma'aikaci mai wannan addinin ya sa hannu. Akwai kuma lafazin da ban taɓa ganin wanda ya ƙi shi ba: "Muna yi muku fatan hutu lafiya, Allah Ya kai ku gida lafiya Ya dawo da ku lafiya, a gaida iyali." Wannan addu'a ce da kowane ɗan Najeriya da zai hau titin Abuja ko na Lakwaja a watan Disamba yake buƙata.

Shin a tura wa Kirista barka da Sallah? In mutum ne da kuka saba, shi ma yakan kira ya ce ina namansa, to ba laifi, zumunci ne. In saƙon bai ɗaya ne da zai je wa kowa, sai a gyara bakin: "Muna taya abokan hulɗarmu Musulmi murnar Sallah, muna yi wa kowa fatan hutu lafiya." Wanda ba nasa ba ne bikin ya ga an san da zamansa. Lafazi irin "Allah Ya karɓi ibadunmu" ko "Taƙabbalallahu minna wa minkum" a bar shi ga wanda aka san ya yi azumin.

Kada saƙon kamfani ya zama wa'azi. Kuma ina ba da shawara mai ƙarfi kada a buga ayar Alƙur'ani ko ta Littafi Mai Tsarki a kati ko kalandar kamfani. Kalandar bara ita ce ake ƙunshe tsire da ƙosai da ita bana, kuma tambarinku na jiki.

Abokan ciniki ba ɗaya ba ne

Ki zauna da mai kula da ciniki ku kasa su uku, ba lallai kason ya zo daidai ba. Akwai 'yan ƙalilan, watakila goma, waɗanda in suka juya baya kamfani zai ji a jikinsa, tare da tsofaffin da suka riƙe ku tun ana ƙaramin shago ko da yanzu cinikinsu ya ja baya. Waɗannan manaja ne zai taka ya je, ko aƙalla ya kira da bakinsa. Zuwa da kai ya fi aike. Aikinki shi ne ki miƙa masa takarda mai sunan kowa, lambarsa, da abu ɗaya da ya faru da shi a shekarar: wannan ya aurar da 'ya, wancan ya buɗe sabon shago a Zariya, wancan ya yi jinya. Kira na minti biyu da aka ce "ya jikin Hajiya?" ya fi kwandon kyauta.

Kaso na biyu su ne waɗanda ake hulɗa da su a kai a kai. Kowa ya samu saƙonsa da sunansa, daga wayar ma'aikacin da ya saba magana da shi. Ga misali: "Salamu alaikum Alhaji, barka da Sallah. Allah Ya maimaita mana, Ya ƙara wa kasuwa albarka. Mun gode da zumunci. A gaida iyali." Ya isa haka. Da yawa daga manyan 'yan kasuwarmu ba sa son dogon rubutun boko, wasu da ajami suka fi sabawa, amma kowa na sauraron saƙon murya. Daƙiƙa ashirin da muryar wanda suka sani ta fi hoton da aka ƙawata. Kaso na uku, sauran jama'a, su ne za su samu saƙon bai ɗaya, kuma babu aibu a hakan muddin an san sanarwar fatan alheri ce.

A kula da laƙabi. Wanda ya sauke farali bana ya zama Alhaji ko Hajiya, kuma yana lura da wanda ya fara kiransa da shi. Injiniya, Dakta, Barista, Fasto, Cif, da mai riƙe da sarauta, kowa a ba shi abinsa, a kuma rubuta sunan daidai. Sannan ki bi jerin nan ki cire waɗanda suka rasu. Lambar mamaci sau da yawa tana hannun matarsa ko babban ɗansa, kuma ba abin da ya kai "Alhaji, Allah Ya nuna mana ta baɗi" ciwo a wayar da mai ita ke ƙasa. Wanda aka yi wa rasuwa kusa da biki kuwa, ta'aziyya ake fara yi masa, da ƙafa in da hali, gaisuwar Sallah ta zo a ƙarshe cikin sassauci.

Harshe: wanda kuke ciniki da shi da Hausa a gaishe shi da Hausa, na Anacha da Legas da Turanci, ofisoshin Nijar da Faransanci in akwai mai iyawa, in babu Hausa ta wadatar. Kada ki dogara da fassarar na'ura. In za ki sa gaisuwa da Ibo ko Yarbanci, ki ba ma'aikacin da harshensa ne ya duba.

Babban haramci a nan shi ne haɗa gaisuwa da talla ko tunin bashi. Wani akanta da na yi aiki da shi ya ga dama ce, ya ƙara layi ɗaya a ƙasan saƙon Sallah na waɗanda ake bi kuɗi, cewa ana tunatar da su ragowar da ke kansu. Wani dattijo da ya shekara goma yana sayen kayanmu ya aiko yaronsa ranar da aka buɗe, da kuɗin cif a leda, ya karɓi rasit. Bai yi faɗa ba, bai kira kowa ba, bai kuma sake sayen ko ƙusa a wajenmu ba. Rangwamen Sallah in kuna da shi, ku tallata shi kafin bikin a saƙonsa daban.

Ta fuskar na'ura akwai 'yan abubuwan da za su cece ki. Kada ki buɗe zauren WhatsApp ki zuba abokan ciniki a ciki, kin bai wa kowa lambar kowa ke nan, har da masu gasa da juna. Jerin watsa saƙo na WhatsApp ya fi, yana ɗaukar mutum 256, amma wanda ya adana lambarku ne kaɗai zai samu. A imel, adireshin mutane ya shiga gurbin BCC, inda ba mai ganin na wani. Wannan ya wuce ladabi kawai, tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, kuma lambar da mutum ya bayar don a kai masa kaya amana ce. Tes na waya kuma harafi 160 ne, amma da kin sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, saƙo ɗaya ya zama uku, kuɗin ma haka. Sannan wanda ya tura wa 2442 buƙatar a daina damunsa da saƙonnin talla, tsarin da hukumar sadarwa ta NCC ta kawo, mai yiwuwa tes ɗinku na bai ɗaya ba zai kai gare shi ba. Kada ki ɗauka kowa ya gani.

Kyauta

Ga ɗan kasuwa mai zaman kansa, kalanda, littafin rubutu mai tambarin kamfani, buhun shinkafa, atamfa ko shadda ga na kusa, duk sun saba da al'ada. In kwandon kyauta za ki saya daga kanti, ki buɗe ki duba. Wasu na zuwa da kwalbar giya a ƙasa, kuma na san wanda ya aika wa Alhaji irinsa bai sani ba.

Ma'aikacin gwamnati kuwa maganarsa daban. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar inda aka zayyana ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana jami'in gwamnati nema ko karɓar wani abu saboda aikin da ya yi ko ya bari a bakin aikinsa. Ya ƙara da cewa kyautar da ta fito daga kamfanin kasuwanci ko mai kwangila da gwamnati za a ɗauke ta a matsayin saɓa wannan ƙa'ida har sai an tabbatar da akasin haka. Abin da aka bar masa shi ne kyautar dangi da abokai a lokutan da al'ada ta sani. Kamfaninku ba danginsa ba ne. Ragon da aka kai gidan darakta ana saura mako biyu a buɗe takardun kwangila, ko me aka kira shi, kin san sunan da hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci za ta ba shi. Na san ana yi, na kuma san za a ce miki kowa na yi. Ni abin da nake bi shi ne tambaya biyu: akwai wata takardarmu da ke jiran sa hannunsa? Zan iya kai kyautar ofishinsa da rana tsaka a gaban mutanensa? In amsar farko e ce, ko ta biyu a'a, to kati da kalanda sun isa. Kuɗi a ambulan kuwa babu shi ko kaɗan. Bankuna da manyan kamfanoni ma da yawansu suna da dokar cikin gida a kan abin da ma'aikacinsu zai iya karɓa, ki tambaya kafin ki jefa mutum cikin matsala. Inda abin ya yi nauyi, lauyan kamfani ne zai yanke, ni a aikace kawai nake magana.

Kyautar da ke shigo muku ita ma tana buƙatar tsari, in ba haka ba duk a ofishin mai sayen kaya da na manaja za ta tsaya. Mu littafi muka buɗe: wa ya kawo, me ya kawo, wa ya karɓa. Ranar tashi a tara komai a yi ƙuri'a, har da masu gadi da 'yan dako. Duk wanda ya aiko kuma a kira shi a yi godiya cikin kwana biyu. Yaba kyauta tukwici.

Game da waɗanda suka ji haushi bara, kada ki rubuta musu takardar ban haƙuri, za ki tayar da abin da ya kwanta. Ki nemi sunayensu a wajen mai kula da ciniki, ki sa su a sahun farko na waɗanda manaja zai kira bana. In ya ce ba shi da lokaci, ki rage jerin zuwa mutum biyar, ki buga lambar da kanki ki miƙa masa wayar. Bayan hutu kuma ki buɗe fayil ki rubuta wanda aka kira, wanda aka aika wa me, lambar da ta daina aiki, da wanda aka manta, domin Babbar Sallah kusan kwana 70 ne kacal bayan Ƙarama, kuma wannan jerin za ki sake ɗaukowa.